Kwado da Turmi

A bakin tashar Birnin Konni na ga wani dattijo, manomin albasa daga Galmi, ya miƙa salularsa ga yaron da ke cire wa mutane kuɗi. Yaron ya ce, "Baba, sa lambarka." Sai dattijon ya juya wayar, ga lambobi huɗu an rubuta da biro a 'yar takarda, an manna a bayanta. Kuɗin albasar rani guda ne a ciki. Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba zai taɓa barin makulli a jikin kwadon ɗakinsa ya tafi gona ba.

Masu ajiye mana sirri a intanet hanya biyu gare su. Ɗaya akwati ce mai kwado: a hargitsa rubutu a kulle, mai makulli ya buɗe ya tarar da shi yadda yake. Haka manhajoji irin su KeePass da Bitwarden ke aiki, ka haddace kalma ɗaya mai tsawo, ita ke tsare sauran. In ta ɓace maka ka shiga uku, in ɓarawo ya same ta ya kwashe duka.

Ɗayar kuwa turmi ce, kuma ita ta fi dacewa da kamfani. Gero in ya zama gari ba mai mayar da shi tsaba. Kamfanin kirki daka kalmarka yake yi, ya ajiye garin. Ran da ka sake bugawa ya sake dakawa, in gari ya zo ɗaya ya buɗe maka. Har gishiri ake barbaɗawa, na kowa daban, don kada garin mutum biyu masu kalma ɗaya ya yi kama. A 2009 aka fasa rumbun kamfanin RockYou na Amurka, aka kwashi kalmomin sirri sama da miliyan 32 a fili, ba kwado ba turmi. Wadda ta fi yawa a ciki 123456 ce.

Lamba huɗu irin ta dattijon nan kuwa ba ta wuce zaɓi 10,000, ɓarawo kuma da 1234 da shekarar haihuwa yake farawa.

Kamfanin da ke riƙe da kuɗinka ba ya bukatar jin lambarka daga bakinka. Duk wanda ya kira ya ce daga ofis yake, a karanto masa ita ko lambobi shidan da WhatsApp ke turo maka, ɓarawo ne. Samarin Konni, Malbaza da Illela, ku zauna da iyayenku su zaɓi lambar da za su iya riƙewa a ka, sannan a ɓanɓare takardar nan a ƙona.