Abin Lura: Raunin da Dusar Ƙanƙara ke Ɓoyewa

A tsaunukan Alps na Turai, dusar ƙanƙara ba a rana ɗaya take taruwa ba. Kowace zuba da nata shimfiɗi, wani kan wani, tun daga farkon hunturu. A daren da gari ya yi wasai, iska ta kwanta, sanyi ya tsananta, wasu siraran ƙwayoyin ƙanƙara sukan tsiro a saman dusar. Da safe ka gan su suna ƙyalli, gwanin sha'awa. Sai sabuwar dusa ta sauko ta binne su, iska ta daddale ta, ta zama falle guda mai nauyi. Ƙwayoyin nan kuwa ba sa riƙe komai: tamkar an shimfiɗa tabarma ne a kan tsabar gero. Haka za su yi makonni a kwance, sama sumul, ƙasa ba ƙwari.

A gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya wannan shimfiɗi. Nan take tsagar ta bazu, fallen ya sulale gaba ɗaya. Kusan 9 cikin 10 na irin wannan hatsari da ke cin rai, wanda abin ya rutsa da shi ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da shi. Wanda dusar ta binne, in an tono shi cikin minti 15, galibi yakan rayu. Bayan haka numfashi ke ƙare masa.

Tun 1993 ƙasashen Turai suke auna hatsarin da mataki 1 zuwa 5, kuma cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos a Suwizalan takan fitar da sanarwa kullum a lokacin hunturu. Amma a mataki na 3 aka fi mutuwa, ba na 5 ba. Ranar mataki na 5 kowa na gida. Ranar mataki na 3 kuwa rana ta fito, ga sawun waɗanda suka wuce lafiya, sai zuciya ta ce ai ba komai. A 19 ga Fabrairu 2012, a Tunnel Creek da ke jihar Washington ta Amurka, mutum 16 suka shiga gangare, yawancinsu ƙwararru; dusar ta sulale, uku ba su dawo da rai ba.

Shi ya sa masanin dutse yake ɗaukar shebur, ya haƙa rami, ya gwada kowane shimfiɗi da hannunsa, in bai gamsu ba ya juya.

Mu ma a lokacin sauƙi muke binne rauninmu: bashin da aka ci ana cikin wadata, saɓanin 'yan'uwa da aka rufe da murmushi, harsashin ginin da aka rage wa siminti. Shekaru su wuce lafiya, mu ɗauka ya warke, alhali nauyin da zai karya shi ne bai iso ba. Wucewar wasu lafiya ba shaida ba ce. Mu tona, mu duba, mu gyara tun da sauran hali, domin rigakafi ya fi magani.