Wa Za Ki Miƙa Wa Alƙalaminki?

'Yar'uwa, idan sana'arki ta bunƙasa har kika yi mata rajista a hukumar CAC, kika je banki buɗe asusun kasuwanci, za a miƙo miki takardar masu ikon sa hannu. Kowa zai kawo hotonsa, da katin shaida, da lambar BVN da aka fito da ita a 2014. Wannan duk mai sauƙi ne. Wuyar tana wajen wata 'yar tambaya: mutum ɗaya ya isa ya cire kuɗi, ko sai dukkanku kun sa hannu?

To, a nan ne kunya take cutar mu mata. Kin rubuta sunan maigida ko na yayanki, sai ki ji nauyin cewa "sai mu biyu", wai kada a ce ba ki yarda da shi ba. Alhali banki ba ruwansa da kara. Ranar da aka kwashe kuɗin, takardar nan za su ɗauko su nuna miki, ke kika ba da izini.

Ni dai a ganina wannan sharaɗi ba zargi ba ne. Ko bashi ma, Alƙur'ani cewa ya yi a rubuta a kafa shaidu, kuma da muminai yake magana, ba da ɓarayi ba. Shi kansa mutumin kirki sauƙi kika yi masa, don duk ranar da abokinsa ya matsa masa da neman rance, ya samu abin faɗa: "Wallahi sai Hajiya ta sa hannu."