Gurbin da Aka Bari da Gangan

Akwai wata saƙar kwarashi da Turawa ke kira saƙar lilin, domin in an gama ta takan yi kama da yadin da ya fito daga masaƙa. Ƙa'idarta ba ta da yawa: a yi ƙulli ɗaya, a ja sarƙa ɗaya, a tsallake ido ɗaya. In an juyo sahu na gaba, cikin gurbin nan da aka bari ake soka kwarashi.

Da na fara koyo, gurbin ya dame ni ƙwarai. Gani nake aibi ne, sai na riƙa matse zare don kada ya bayyana. Da na juyo kwarashi ya ƙi shiga, saƙa ta ƙanƙance, ta yi tauri kamar faifai. Tilas na warware.

Tun ranar nake tambayar kaina: shin duk abin da mutum ya bari bai cike ba gazawa ce? Mun saba yabon malamin da yake tauna wa ɗalibi komai, da uban da yake tsara wa ɗansa rayuwa, har matar da zai aura. To, ina wanda ya biyo baya zai sa nasa hannun?

Kada a ɗauka sakaci nake karewa. Wanda ya tsallake ido biyu rami ya yi, kuma gefen saƙarsa zai karkace. Sai dai mai saƙa tana iya ƙirga idanunta, ta warware in ta kuskure. Uba kuwa babu mai faɗa masa adadin, kuma sai yaro ya girma yake ganin inda ya matse.