Hattara da tsumman roba a gonakin Bakolori

Da zarar hunturu ya kankama sai 'yan gwanjo su fara fasa dila a kasuwannin Talata Mafara da Bakura da Maradun, a baje rigunan sanyi da na ruwa masu hula da zif, irin waɗanda Turawa suka ɗinka don hawan duwatsu da yawo cikin ƙanƙara. Ɗan acaɓa ya saya, mai gadi ya saya, manomin rani mai ban ruwa da asuba ya saya. Ba a ga laifinsu ba, ga ɗumi ga araha. Abin tsoron shi ne inda rigar ke ƙarewa idan ta mutu.

Jama'a, yawancin rigunan nan ba auduga ba ce, roba ce, dangin leda, daga man fetur aka samo zarenta. Tun 1993 kamfanin Patagonia na Amurka ke narka gorunan roba yana yin rigunan sanyi da su, duniya na ta yaba masa da kare muhalli. To madalla, amma gorar da ta koma riga ai ba ta daina zama roba ba. Waɗanda ruwa ke zamewa a kansu kuwa, an daɗe ana shafe su da sinadaran PFAS, masu ƙin ruɓewa a ƙasa, masu daɗewa a jikin mutum. A 2023 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin abubuwan da ke jawo cutar. Jihohin New York da Kalifoniya sun fara hana sayar da sababbin tufafi masu irin sinadaran a Janairun 2025. Tsofaffin fa? Dila za su shiga, su biyo ta Kwatano da Legas, su sauka Ƙofar Wambai a Kano, su iso mana.

Mu kuma muna yi musu yadda kakanninmu ke yi wa tsumman saƙi. A da in riga ta tsufa a jefa a juji, damina ɗaya biyu ta zama ƙasa, a kwashe takin a kai gona. Yanzu ma ana kwasar jujin a amalanke, sai dai abin da ke ciki ba ya narkewa. Yana dagargajewa ne ya gauraya da ƙasar da muke shuka shinkafa da albasa. Wani tsumman ya faɗa kanal ɗin da ke ɗauko ruwa daga madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya haɗu da leda ya toshe hanya, na ƙarshen layi su rasa ruwa. Wani akuya ta haɗiye, sai mahauci ya gan shi cikin tumbi. Mafi muni, uwargida ta yagi tsumman ta hura gawayi da shi, ko samari su cinna masa wuta suna jin ɗumi, yara na zagaye suna shaƙar baƙin hayaƙin. Wallahi a daina.

Ba cewa nake tsumma dalma ce ba. Amma jiharmu da ta binne yara sama da 400 a 2010 saboda gubar dalmar da aka shigo da ita gida da hannu a Anka da Bukkuyum, bai kamata a roƙe ta kafin ta ji tsoron abin da ido ba ya gani ba. Mai son ganin inda hanyar ta nufa ya dubi kasuwar Kantamanto a Akara, inda ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta ana sauke tufafi kusan miliyan 15 duk mako, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma bola suke zama, har sun cika bakin teku.

Ɗan gwanjo, ka ƙi dilar da rabinta tarkace ne, kuɗinka ka ba da aka ɗora maka sharar wasu. Mai riga, zif ya lalace ka kai wa tela, ta yage a yi mata faci. Manomi ya tsince tsumma da leda kafin ya watsa taki. Masu unguwanni da shugabannin manoman rani su sa tara a kan duk wanda aka kama yana zuba shara a kanal, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun kuma su ware wurin tara wannan tsumma nesa da ruwa da gonaki.