Kowa da Sashensa, Zaure Ɗaya

A babban gida kowane magidanci yana da sashensa da tukunyarsa, amma zaure ɗaya ne. Tambaya ita ce, ina iyakar ikon mai sashe, ina kuma iyakar ikon maigida? Bari mu duba ƙasar Habasha.

Tsarin mulkin Habasha na 1995 ya raba ƙasar jihohi 9, yawancinsu bisa harshe da ƙabila. Sashe na 39 har ya ba kowace al'umma ikon ɓallewa. Amma a zaɓen 2015 jam'iyya mai mulki da abokanta suka kwashe dukan kujeru 547 na majalisa. 'Yancin yana a takarda, ikon kuwa yana hannu ɗaya.

A 2020 gwamnatin Abiy Ahmed ta ɗage babban zaɓe saboda cutar korona. Shugabannin Tigirai suka ƙi yarda, suka yi nasu zaɓe ran 9 ga Satumba. Addis Ababa ta ce zaɓen haramtacce ne, Tigirai kuwa ta ce wa'adin gwamnatin tarayya ya ƙare. Ran 4 ga Nuwamba yaƙi ya ɓarke. Shekara 2 ana zub da jini kafin sulhun Firitoriya a 2022.

Wa ke da gaskiya? Son rike al'amuran yankinka ba laifi ba ne, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Son haɗin kan ƙasa ma ba laifi ba ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Laifin shi ne, kowane ɓangare ya mai da kansa alƙali cikin shari'ar da shi ne mai ƙara.

A wannan ƙasa dai, mutanen Sidama sun nemi jiharsu. An daɗe ana jayayya, har an yi asarar rayuka, amma a 2019 hukumar zaɓe ta ƙasa ta shirya musu ƙuri'ar raba gardama, suka sami jihar, Habasha kuwa ba ta tsage ba.

'Yan'uwa, ƙuri'a alkawari ce. Wanda ya faɗi ya yi alkawarin zama cikin gida, wanda ya ci kuma ya yi alkawari ba zai ƙwace tukunyar ɗan'uwansa ba. Saboda haka kafin mu zaɓi mai kirarin yankinmu, ko mai kirarin ƙasa ɗaya, mu tambaye shi: in ka faɗi, hukuncin wa za ka karɓa?