Majigin Kyauta da Hawayen Wata



Idan kina da kaka ko gwaggo da ta yi wayo kafin a samu mulkin kai, ki tambaye ta labarin majigi, za ki ga fuskarta ta washe. Mota ce ke shigowa gari da la'asar, a zaga ana shela, bayan magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a tayar da inji, yara su zube a gaba, manya su tsaya a baya. Ba a karɓar ko anini. To amma kin san ba a banza mota ke shan mai ba, wani ne ya biya. Gwamnatin Ingila ce ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka a 1939, ta ɗora William Sellers a kansa, wanda dama jami'in kiwon lafiya ne a Legas, kuma ya daɗe yana amfani da fim wajen koya wa jama'a yaƙi da ɓeraye da annoba. Abin da ake haskawa kuwa shi ne tsafta da noman zamani, sai kuma girman masu mulki, wanda shi ba a faɗarsa da baki, a ido ake zuba shi. Akwai wani fim na wancan zamani mai suna Daybreak in Udi, da aka yi a 1949 a ƙasar Ibo, kan gina gidan haihuwa a wani ƙauye. Ya ci babbar lambar Oscar a 1950 a matsayin fim ɗin haƙiƙa, alhali kuwa tsara shi aka yi, aka rarraba wa mutane rawar da za su taka, Baturen mulki ya fito a matsayin kansa yana kawo wayewar gari, masu jayayya da shi kuma suka fito a matsayin duhu.

Majigi bai mutu ba, riga ya sake. A 2001 aka kafa wata ƙungiya mai suna Cinéma Numérique Ambulant, wato silima mai yawo, wadda ayarinta suka yi ta ratsa ƙauyukan Benin da Nijar da Mali da wasu ƙasashen, da mota da janareta da farin ƙyalle, suna nuna fina-finan Afirka kyauta. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne ba sa kashe inji su kama hanya. Akwai mai fassara da harshen gari, wadda sau da yawa mace ce, kuma akan miƙa wa jama'a lasifika su faɗi abin da suka gani. A biranenmu ma yanzu kina iya jin wata ƙungiya ko makaranta ta sa ranar nuna fim kyauta, kuma yawanci fim ɗin haƙiƙa ne na masu zaman kansu, wato wanda ba gwamnati ce ta ba da kwangilarsa ba, ba kuma ɗan kasuwa mai neman riba ba. Babu jarumi, babu jaruma, babu rawa da waƙa. Mutumin da kike gani shi ne shi, kukan da yake yi kuma nasa ne.

Nan ne tambayata ta taso, kuma ba a littafi na same ta ba. Wata ƙungiyar mata ce ta ari harabar makarantarmu ranar wata Alhamis da babu karatu, aka shimfiɗa tabarmi, aka ce mata zalla, aka nuna mana fim ɗin wata 'yar Damagaram mai suna A'isha Macky. An haife ta a 1982, ta karanci ilimin zamantakewa a jami'ar Yamai kafin ta koyi aikin fim. Sunan fim ɗin L'arbre sans fruit, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya, ya fito a 2016, kuma a shekarar ya ci lambar fim ɗin haƙiƙa mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA. Ita kanta matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa tana ƙarama, sai ta gina fim ɗin kamar tana yi wa marigayiyar magana, tana kuma zama da wasu matan da ke cikin irin halinta, suna faɗin abin da suke haɗiya daga miji da dangin miji da maƙwabta.

Wallahi 'yar'uwa, da farko raina bai so ba. Na ce a zuciyata, wannan ai tonon silili ne. Mu da aka rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, yaya mace mai aure za ta ɗauki abin da ke tsakaninta da ɗakinta ta baza a farin ƙyalle, har Turawa su gani su tafa? Sutura abu ce mai tsada, kuma wadda ta rasa ta ita ta san zafinta. Ba na cikin masu cewa kunyar Bahaushiya ƙauyanci ce.

To amma da fim ya yi nisa sai wata tambayar ta danne ta farko: wannan shirun da muke kira sutura, wa yake suturtawa? Matar da ba ta haihu ba ai asirinta a buɗe yake tun tuni. Kowa a unguwa ya ƙirga mata shekarun aurenta. Ana ce mata juya a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido, a gidan suna ana yi mata addu'a da ƙarfi don kowa ya ji, kowace tsohuwa da sassaƙen da za ta kawo mata. Abin da yake a rufe shi ne abin da ake yi mata, da kuma wata gaskiya da likitoci suka daɗe da sani, cewa a kusan rabin ma'auratan da suka rasa haihuwa akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ke dai ki ƙirga gidajen layinku. Amma sau nawa kika ji an ce wa maigida ya je a auna shi kafin a fara yi masa zancen ƙarin aure? Kin ga ashe bargon nan da muke taƙama da shi gajere ne, ya rufe wani ya bar wata a waje cikin sanyi.

Saboda haka na sauko daga matsayina na farko, amma ba gaba ɗaya ba. A'isha nata ciwon ta buɗe, kuma mai abu yana da iko da abinsa. Inda hankalina bai kwanta ba shi ne sauran mutanen da ake ɗauka a irin waɗannan fina-finai. An ce ai sai da yardarsu. Haka ne. To amma ki duba yadda yardar talaka take. Baƙi sun zo da mota da na'ura, mai unguwa ya rako su, wataƙila an yi alkawarin magani ko kuɗin cefane, ita kuma baiwar Allah ba ta taɓa ƙin gaisuwar baƙo ba balle ta ce a'a. Ta yarda a ɗauke ta, amma shin ta san cewa fuskarta za ta kai Faransa, ta dawo ta shiga wayar ɗan kishiyarta bayan shekara goma? Majigin da kakarki ta kalla, mota na tafiya ya tafi. Na yanzu ba ya tafiya. A'ishar nan ta sake yin wani fim a 2021 mai suna Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara, unguwar da asalinta wurin keɓe kutare ne, da ƙungiyoyinsu da ake kira fale. An yaba mata ƙwarai, kuma kasancewarta 'yar gari ya sa dole ta ci gaba da haɗa ido da waɗanda ta ɗauka. Wanda ya zo daga nesa ya ɗauka ya hau jirgi, wa zai tuhume shi?

Akwai wani labari da nake so a kan wannan. A farkon shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Sarkawa masu farautar dorina a kogin Kwara, wajen Ayoru a Nijar. Da ya gama haɗa shi sai ya koma ya haska musu a garinsu. Ya sa kiɗa a wurin farautar don ya ƙara armashi, su kuwa suka ce bai yi daidai ba, domin farautar dorina shiru take so, kiɗa ƙarfin hali zai ƙara mata. Ya karɓi gyaran. Ni a ganina wannan shi ne mafi ƙarancin haƙƙin wanda aka ɗauka, a dawo masa da hotonsa ya gani, ya ce nan kun yi daidai, nan kun yi mini ƙarya. Idan za a gayyace ki kallo, ba laifi ba ne ki ɗaga hannu ki tambayi masu shiryawa ko an yi hakan.

Sai dai duk wannan nauyin masu ɗauka ne. Ni da ke fa, da muka zauna a tabarma ba mu biya ko sisi ba? Wadda ta sayi kaset ɗin fim ɗin Hausa ta biya, ɗan wasa ya karɓi ladansa, ya share hawayen ƙarya ya tafi gida, ciniki ya ƙare. A nan kuwa mace ce ta gaske ta ba ki abin da ya fi kuɗi, kuma ba ta san ki ba balle ta biyo ki bashi. Ina ganin hanya biyu ce muke cin amanarta. Ta farko mai sauƙi ce, mu yi kuka, mu ce Allah sarki, mu ji daɗin cewa zuciyarmu mai taushi ce, mu koma gida gobe mu tambayi amaryar ƙaninmu ko har yanzu shiru. Ta biyu ta fi muni, kuma ita ce ta faru a gabana.

Da aka kunna fitila aka ce a yi tambayoyi, wata dattijuwa, wadda na tabbata ba da mugun nufi ta yi ba, ta miƙe ta ce ai ba sai mun je Nijar ba, mu ma ga irinsu nan a cikinmu, sai mu yi ta yi musu addu'a. Ba ta kira suna ba. Ba ta buƙatar ta kira, domin kawuna sun riga sun juya wuri ɗaya. Baiwar Allahn da aka juya aka kalla, shekararta goma sha ɗaya da aure, ta gyara hijabinta, ta jira aka fara wata maganar, ta sulale ta fita ko takalmanta ba ta tsaya sakawa daidai ba. Fim ɗin da aka yi don a sauke wa irinta kaya, mu muka mayar da shi yatsan nuni. Kuma ni da nake malama, nake riƙe da makullin harabar, ban ce uffan ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Na kwana ina cewa da ma ba a nuna ba. Da kowa ta kalla a wayarta cikin ɗakinta, da babu wadda aka kunyata. Amma kuma da babu wadda ta ji abin da na ji daga bakin wata matar bayan an watse, wadda ta ce ita shekara da shekaru tana ganin matar ɗanta ce mai laifi, yau ne karo na farko da ta ji an ce a auna namiji. Kallon waya ba ya haifar da irin wannan, domin babu mai jin ki, ba kya jin kowa, kina gamawa ki matsa ki wuce zuwa girke-girke. Taron da ya kunyata waccan shi ne ya buɗe idon wannan, a dare ɗaya, a tabarma ɗaya, kuma ban iya ce miki ga wadda ta fi nauyi a ma'auni ba.

Bayan kwana uku na tattara ƙarfin hali na je gidanta. Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar jikin mahaifiyarta, kafin na ba ta haƙuri, na ce in ta so zan hana a sake aron harabar don irin wannan. Ta yi shiru tana tsince shinkafa, can ta ce, "Malama, ni ba fim ɗin ne ya kore ni ba. Tunda nake ban taɓa jin wata ta faɗi abin da ke raina ba sai matar nan. Idanunku ne suka kore ni." Na rasa abin cewa. Ta ce in dai za a sake, a daina buɗe fili kowa ta ba da misali da maƙwabciyarta, a samo ma'aikaciyar jinya ta amsa tambayoyi, duk mai tambaya ta rubuta a takarda ba suna. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kuma ku mata kun gani. A sa wa maza ranarsu, su ma su zauna su kalla."

Na kai wa shugabannin ƙungiyar saƙonta ba tare da na faɗi mai shi ba. Maganar takarda da ma'aikaciyar jinya an karɓa nan take. Ta mazan ce har yanzu ake ja, wasu na cewa ba za su zo ba, wasu na cewa in liman ne ya yi sanarwa bayan sallar isha'i za su zo. An dai wakilta mutum biyu su je su same shi a wannan makon.