Waya Ɗaya, Aiki Biyu

Tun shekara ta 2014 hukumar OTR ce take karɓar haraji a ƙasar Togo. Ɗan kasuwan da yake ajiye littafin lissafi yana da izinin cire abin da ya kashe domin sana'a kafin a yanka wa ribarsa haraji. A nan gwaji yake.

A ɗauki mai sayen kashu a Kambole. Da wayarsa yake jin farashi daga Sokode, yake kiran direban da ya tafi Dapaong. Da ita kuma yake gai da surukarsa, da dare yara su kalli ƙwallo. Rasidin kanti waya kawai ya ce, da kuɗinta. Ma'aikacin haraji kuwa bai kwana a gidan ba. Mai wayar kaɗai ya san ko rabi ne na sana'a, ko sulusi.

Hananiya da Safiratu ba riƙe wani kashi ne laifinsu ba, gama Bitrus ya nuna kuɗin nasu ne. Sun kawo kashi, suka ce duka ne. Mai kashu ma ba wanda ya hana shi gai da surukarsa, sai dai kada ya rubuta kuɗin gaisuwar a shafin kashu.